Wata uku ina yawo da rahoton kuskure guda ɗaya

Haba jama'a! Wata uku ke nan ina ɗauke da ƙorafi ɗaya tak, ana ta yi min jeka-ka-dawo kamar mai neman sa hannu a sakatariya.

Wata buɗaɗɗiyar manhaja ce (wadda kowa zai iya sa hannu a gina ta) ta adana takardu da muke aiki da ita. Ka rubuta "ƙasa" a wurin bincike, ba za ta kawo maka "Ƙasa" mai babban baƙi ba. Haka ɗ, haka ɓ. Na zauna na rubuta rahoto tsaf, da hotuna, da matakan da za a bi a ga matsalar da ido. Washegari wani ya rufe shi da layi ɗaya: ba nan ba ne, je ka ma'ajiyar sashen bincike, wato inda ake ajiye lambar sashen da ƙorafe-ƙorafensa. Na je. Can suka ce laifin sashen bayanai ne. Sashen bayanai suka maido ni inda na faro. An raba manhajar gida goma sha wani abu, kowane gida da akwatin ƙorafinsa, kuma ni da ko lambar da aka rubuta manhajar da ita ban taɓa leƙawa ba, ni ake so in gano ɗakin da ɓeran yake!

Abin da ya fi ƙona min rai, a GitHub suke, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, inda akwai maɓallin tura rahoto daga wata ma'ajiya zuwa wata in dai mai su ɗaya ne, har da sharhin da ke ƙarƙashinsa. Dannawa ɗaya. Amma sai a rufe a ce in sake rubutawa, da datata, da cajin wayata.

Kuma ba yau aka san maganin ba. Bugzilla, manhajar karɓar rahoton kurakurai, tun 1998, ƙofa ɗaya gare ta, mai tantancewa ne ke sauya wa rahoto sashe. A Debian ma, wani buɗaɗɗen tsarin sarrafa kwamfuta, lambar rahoto ba ta canzawa, ko an mayar da shi kan wani ƙunshin manhaja da umarnin reassign. To ku me ya hana ku ajiye akwati ɗaya, ku riƙa manna alamar sashe da kanku?

Na san aikin sa kai ne, ba wanda ke biyansu, Allah Ya saka musu. Amma lokacin da suka ɓata suna korata ya isa a gyara abin sau biyu.

Jiya kuma sai ga saƙon bot ɗin nan, manhaja mai aiki da kanta, mai share rahotannin da suka kwana biyu: wai an yi kwana 60 ba motsi, saura kwana 7 a rufe. Wa ya yi shirun, ni ko ku? Na shiga na rubuta "har yanzu tana nan". A ƙasa na tarar da wani Baturke yana kuka da i ɗinsu marar ɗigo, shi ma rahotonsa na uku ke nan.