Cacar da ta shigo mana gida da sunan wasan yara

A ƙaramar sallar da ta wuce na tambayi ɗana, mai shekara goma sha ɗaya, me yake so na barka da sallah. Ko tunani bai tsaya yi ba ya ce, "Baba, kati." Yana nufin katin da ake loda kuɗi a cikin wasan kwamfuta. Na ce me za ka saya da shi? Ya ce akwatin sa'a zai buɗe a cikin wasan ƙwallonsa, wataƙila ya dace da babban ɗan wasa. Wannan "wataƙila" ɗin ita ta tsaya mini a rai, domin ita ce kalmar da ɗan caca yake rayuwa a kanta.

Na yi shekaru a Ingila, amma a Kano na tashi, kuma na san gidan gem. Shago ne ƙarami, talabijin biyu ko uku, benci, janareto na ruri a waje. Ka biya kuɗin wasa ɗaya, a ba ka hannu, wanda aka ci ya tashi na baya ya zauna. Iyayenmu sun tsani wajen saboda yana sa mu makarar Islamiyya, kuma suna da gaskiya. To amma cinikin a fili yake: ka san abin da ka biya, ka san abin da ka samu. Mai shagon ma maƙwabci ne, idan ya ga ka daɗe shi da kansa zai kore ka.

A wasan yaran yanzu kuwa babu mai korar yaro. An gina wasan ne yadda ba zai so tashi ba, kuma yadda zai riƙa biyan kuɗi kan abin da bai gani ba sai bayan ya biya. Kamfanin EA, mai wasan ƙwallon da a da ake kira FIFA, ya bayyana cewa sashen Ultimate Team na wasanninsa, inda ake sayen irin waɗannan akwatuna, ya kawo masa sama da dala biliyan ɗaya da rabi a shekarar kuɗi ta 2021. A 2019, da 'yan majalisar Birtaniya suka tambayi wata jami'ar kamfanin game da waɗannan akwatunan sa'a, sai ta ce su a wajensu dabarun ba-zata ne, ta kuma kwatanta su da alewar nan mai siffar ƙwai da ake ɓoye abin wasa a cikinta. A Amurka kuwa, a Disambar 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince zai biya dala miliyan 520 kan zargin tattara bayanan yara da kuma tsara maɓallan wasan yadda mutum zai yi sayayya ba da niyya ba.

Kamfani dai riba ya fito nema, wannan bai ba ni mamaki ba. 'Yan siyasa ne suka fi ɓata mini rai. Beljiyam ta nuna abin mai yiwuwa ne: a 2018 hukumar caca ta ƙasar ta ce irin waɗannan akwatuna caca ce, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da kuɗin cikin wasan a can. Birtaniya kuma ta yi shekaru tana sauraron ra'ayoyi, sannan a Yulin 2022 gwamnati ta ce ba za ta shigar da su ƙarƙashin dokar caca ba, kamfanonin su gyara kansu da kansu. An ba kura ajiyar nama ke nan. Hujjar da ake kafewa a kai ita ce abin da yaro ya ci ba a canja shi zuwa kuɗi a hukumance. Kuɗin da ya shiga kuwa fam ne na gaske, daga albashin uba ko uwa ya fito.

Ba na cewa gida ya fi. A gida muna da abu ɗaya da nake alfahari da shi, muna kiran caca da sunanta, yaro ma ya san haramun ce. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, mutane da yawa suka yi murna, har da ni. Sai dai shago ne kawai ake iya garƙama wa kwaɗo. Cacar da ke cikin waya tana ɗaki tare da yaro har tsakar dare, uwarsa ta leƙo ta ga yana buga ƙwallo, hankalinta ya kwanta.

Ɗana ban ba shi katin ba. Na zaunar da shi na yi masa bayani, ya yi fushi na kwana biyu, na kuma cire katin bankina daga na'urar. Bayan mako guda saƙon murya ya shigo mini daga Kano, ɗan yayata ne, shekarunsa goma sha uku. Ya gaishe ni cikin ladabi, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce, "Kawu, don Allah idan da hali ka turo mini kati."