Takarin Duniyar Mars

An idar da sallar isha'i. A teburin mai shayi, cikin wani lungu na Shara Mansur a Makka, Baba Tsoho na kan kujerarsa, Malam na jan carbi, Bakano na lissafin cinikin yini, Direba ya baje makullai a gabansa. Ɗan Boko kuwa ya duƙufa a kan waya.

DIREBA: Kai yaro, tun ɗazu kake murzar wayar nan ba ka ce da kowa kanzil ba. Budurwa ce?

ƊAN BOKO: Wace irin budurwa, Yaya? Sawun mota nake bi.

DIREBA: Ta wa aka sace?

ƊAN BOKO: Ba sata ba ce. Wata 'yar mota ce mai ƙafa shida da hukumar NASA ta Amurka ta aika duniyar Mars, sunanta Opportunity. Hotunan da ta riƙa ɗauka a hanya nake bi ɗaya bayan ɗaya. Ku duba, rairayi gaba, rairayi baya, sai sawunta a tsakiya.

BABA TSOHO: Miƙo in gani. (Ya nesanta wayar daga idonsa.) Kai, sun cuce ka, jikana. Nan ai tsakanin Fashir da Ubayyid ne, a Sudan. Na san wurin.

ƊAN BOKO: Baba, wata duniyar ce fa daban.

BABA TSOHO: Mu ma da muna ciki haka muka ɗauka.

DIREBA: Bar Baba. Kilomita nawa ta ci?

ƊAN BOKO: 45 da 'yan kai.

DIREBA: A awa? To ba laifi, ga rairayi.

ƊAN BOKO: A shekara 14 da 'yan watanni. Ta sauka a Janairun 2004, aka daina jin ɗuriyarta a Yunin 2018.

DIREBA: (Ya ajiye kofi.) Maimaita.

ƊAN BOKO: Kilomita 45.

DIREBA: Daga nan zuwa Jidda ya haura 70! Wato da fasinjan jirgi ta ɗauka a 2004, har yau suna wajajen Bahra. Wa ya ba direbanta lasin?

ƊAN BOKO: Babu direba a ciki. Masu tuƙa ta suna Pasadena a Kalifoniya, gaban kwamfuta. Saƙo daga can zuwa Mars yakan ɗauki minti 4 idan duniyoyin sun kusanci juna, ya haura minti 20 idan sun yi nisa.

DIREBA: To idan ya ga rami ya taka birki?

ƊAN BOKO: Kafin birkin ya isa an daɗe da faɗawa. Shi ya sa suke tsara mata tafiyar yini guda, su aika, su jira washegari su ga inda ta kwana. Ƙarshen gudunta santimita 5 a daƙiƙa, mita 180 ke nan a awa.

DIREBA: Allahu akbar. Motar da kyamarar Sahir mai kama masu gudu ba za ta taɓa haska ba. Wallahi da irinta nake ja, da yanzu na gina gida da kuɗin tara.

BAKANO: Ni duk wannan bai dame ni ba. Nawa aka saye ta?

ƊAN BOKO: Su biyu ne tagwaye, ita da Spirit. Ƙera su da harba su da aikin farko ya ci wajen dala miliyan 820.

BAKANO: (Yana danna kalkuleta.) Sau uku da saba'in da biyar... Riyal biliyan 3 da ɗoriya! Kai! Me suka ɗauko?

ƊAN BOKO: Ba sa ɗauko komai, Alhaji. Dubawa suke yi su aiko da labari. Ita wannan ta tarar da wasu ƙananan dunƙulallun tsakuwoyi masu sinadarin ƙarfe, da duwatsun da suka nuna ruwa ya taɓa jiƙa wurin a zamanin da. A 2005 kuma ta ci karo da wani dutsen ƙarfe da ya faɗo daga sama, shi ne irinsa na farko da aka gano a kan wata duniyar.

BAKANO: Ruwan yana nan?

ƊAN BOKO: Ya ƙafe tun shekaru biliyoyi.

BAKANO: Riyal biliyan 3, a dawo a ce maka da can an yi ruwa. Da ni suka ba rabi, da na rantse musu an yi.

MALAM: Alhaji, ka ji tsoron Allah. Shaidar zur ke nan.

BAKANO: Allah gafarta Malam, ai ga shi ta tabbata gaskiya zan faɗa.

ƊAN BOKO: Ku tsaya ku ji abin mamakin. Aikin kwana 90 aka aike ta ta yi.

BABA TSOHO: Kwana nawa?

ƊAN BOKO: 90.

BABA TSOHO: Ta zauna shekara nawa?

ƊAN BOKO: 14 da ɗoriya.

BABA TSOHO: (Ya gyara zama.) Yaro, me ya sa ba ka fara da nan ba? Ashe tamu ce! An ba ta bizar Umara ta yi zamanta. Wannan ai Takari ce tsantsa. Ku daina zaginta a gabana.

MALAM: Baba, a kyautata zato. Mai yiwuwa ta yi igama, takardar izinin zama.

BABA TSOHO: Wa ya yi mata? Akwai askarawa a can?

ƊAN BOKO: Babu kowa, Baba. Ko ƙuda babu.

BABA TSOHO: Babu mai tsayar da kai ya ce kawo takarda?

ƊAN BOKO: Babu.

BABA TSOHO: Garin nan yana da kyau.

ƊAN BOKO: Kuma shekararsu kwana 687 ce irin namu.

BAKANO: Dakata. Wato mai gida sai bayan kwana 687 zai zo karɓar haya?

MALAM: Kada ka yi saurin murna. Yininsu fa?

ƊAN BOKO: Ya fi namu da minti 39 da 'yan daƙiƙai.

MALAM: Ka ji. Kai da kake tsayawa da dabino a baki tun ladan bai gyara murya ba.

DIREBA: Ni ku koma mini kan rairayi. Motar da ke rarrafe haka ai ba ta isa ta kafe ba.

ƊAN BOKO: Ta kafe, Yaya. A ƙarshen Afrilun 2005 ta hau wani ɗan tudun yashi, tsayinsa bai wuce santimita 30 ba. Tayoyin suka yi ta juyawa suna haƙa, ita a lissafinta tafiya take yi, nan kuwa nutsewa take.

DIREBA: Santimita 30! Ko kamu biyu bai cika ba. To ai abu ne mai sauƙi, a sace iskar taya, ta baje, a fita a hankali.

ƊAN BOKO: Tayoyin alminiyum ne, babu iska a ciki.

DIREBA: A cusa katako ko tsohuwar darduma a ƙarƙashi.

ƊAN BOKO: Wa zai cusa?

DIREBA: Fasinja su sauka su tura mana!

ƊAN BOKO: Mai turin da ya fi kusa da ita yana nesa da kilomita sama da miliyan 50, shi ma sai an yi sa'ar kusanci.

DIREBA: (Ya yi shiru.) To yaya aka yi?

ƊAN BOKO: Injiniyoyi suka haɗa yashi da garin yumɓu a wani akwati a Kalifoniya, suka kafar da wata irinta da gangan, suka yi ta gwada dabaru. Sannan suka riƙa aika mata umarni tana murza taya, tana matsawa kaɗan-kaɗan. Sai 4 ga Yuni ta fita, bayan mako biyar.

DIREBA: Mako biyar ba ta ƙona kuloci ba, ba ta zagi kowa ba. To na janye rabin maganata. Duk wanda bai taɓa kafewa da tsakar rana ba bai san tuƙi ba. 'Yar'uwar tata fa?

ƊAN BOKO: Ita Spirit tayarta ta gaba ta dama ta mutu a 2006, ta koma tafiya da baya tana jan ta. A 2009 ta faɗa ƙasa mai laushi, ba ta ƙara fita ba. A Maris 2010 aka ji muryarta ta ƙarshe. Ba ta cika kilomita 8 ba.

BABA TSOHO: Haka ayari yake. Da muka taso da mahaifina ta Maiduguri, ta Abeshe, ta Jinaina, mu da yawa ne. Kafin Sawakin an zube. Wasu sun tsaya noman auduga a Jazira su tara guzuri, jikokinsu na can suna tarawa.

ƊAN BOKO: Doguwar tafiyarta ita ce daga ramin Victoria zuwa ramin Endeavour, wajen kilomita 21. Ta tashi a 2008, ta isa a Agustan 2011. Yawanci ma da baya ta yi ta, don a lallaɓa wata taya da ta fara ciwo.

MALAM: Kilomita 21, kusan daga Harami zuwa Arfa ke nan. Shekara uku. Ta rasa tsayuwa sau uku, kuma ta iso da ƙeya.

ƊAN BOKO: Da tsufa ya zo, kafaɗar hannunta ta riƙe, ƙwaƙwalwar ajiyarta ta lalace. Duk abin da ba ta aiko ba kafin ta yi barci, da safe ta manta.

BAKANO: Baba, wannan kam jininka ce. Riyal hamsin ɗina fa na watan jiya?

BABA TSOHO: Wane ne wannan yake magana?

DIREBA: Mai kuma a ina take sha?

ƊAN BOKO: Hasken rana take ci, da faifai a bayanta. An zaci ƙura za ta rufe faifan cikin 'yan watanni, sai iska da 'yan guguwa suka riƙa share mata kyauta. Amma a 2018 wata ƙura ta taso ta lulluɓe duniyar baki ɗaya, rana ta ɓace. Ranar 10 ga Yuni ta aiko saƙon ƙarshe. Suka yi wata takwas suna kira, sun aika umarni sama da 1,000, shiru. Ranar 13 ga Fabrairun 2019 suka haƙura.

BABA TSOHO: Kira dubu ba a ɗaga ba? Ba mutuwa ta yi ba. Ta ga lambar kafili ce.

MALAM: Baba!

BAKANO: To yanzu tana nan yashe, ba mai gadi?

ƊAN BOKO: Tana nan a gefen Endeavour inda ta tsaya.

BAKANO: Nauyinta?

ƊAN BOKO: Kilo 180 da wani abu.

BAKANO: Ga alminiyum, ga batir, ga faifan sola. Direba, motarka ta jan mota tana lafiya?

DIREBA: Garau. Tafiyar kwana nawa ce?

ƊAN BOKO: Ita wata shida da rabi ta yi a hanya.

DIREBA: Zuwa babu lodi ke nan. Riyal dubu biyu, mai naka.

BAKANO: Haba, don Allah! Ɗari biyar. Ba ka ji babu Sahir a hanyar ba?

DIREBA: Dubu da ɗari biyar, albarkacin Malam.

MALAM: Ku cire sunana a cinikin kayan da ba naku ba.

BAKANO: Tsintuwa ce, Allah gafarta Malam, kuma an yi cigiya sau dubu. Ɗari bakwai.

DIREBA: Na sallama. Amma tsaya. Idan ni ma na kafe a can fa, babu mai turi?

BABA TSOHO: Sai ka kafa bukka, ka aiko a kai maka mata. Yaya kake zaton aka yi unguwannin Hausawa a Sudan?