Ciwon wuya ɗaya, ni a Birmingham, Yaya a Kano

A hunturun bara abin ya same ni. Na juya kai zan yi baya da mota a wani lungu na Birmingham, inda nake tuƙin tasi shekara tara ke nan, sai na ji wani abu ya tsarga daga wuyana kamar wutar lantarki, ya bi kafaɗar dama, ya gangara hannu har babban yatsa. Kafin mako ya zagayo barci ya gagare ni. In na kwanta rigingine wuya ya ƙi, in na kwanta ta gefe hannu ya sage, yatsu kamar kiyashi na yawo a ciki. Sauƙin da nake samu ɗaya ne: in ɗora tafin hannun a tsakiyar kaina in zauna a bakin gado, haka har a kira asuba.

Da na faɗa wa yayata a waya ko mamaki ba ta yi ba. "Ai sanyi ne ya kama ka, auta," in ji ta. "Wannan ƙasa taku ta ƙanƙara. Ni ma shekara biyar ke nan ina fama da shi." Na ce, "To Yaya, ke da kike Kano, ana zafi kamar gasa gurasa, a ina sanyin ya same ki?" Ta ce sanyin ƙashi ba ruwansa da rana.

A ganina a nan matsalarmu ta faro. Duk ciwon da ya shiga gaɓa mun haɗa shi a buhu ɗaya mun ce sanyi ne, kuma wanda ya yarda sanyi ke damunsa maganin sanyi zai yi ta nema har ƙarshen ransa. Ni ma da wannan tunanin na je wurin likita, ina jiran a ɗauke ni hoto a ba ni allura. Likitar ta juya min kai, ta gwada ƙarfin hannuna, ta ƙwanƙwasa gwiwar hannu da 'yar guduma, sannan ta ce babu buƙatar hoton MRI, wato hoton da ke nuna jijiya da laka, a yanzu. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauka raini ne. Ta yi min bayani cewa mafi yawan masu irin wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, kuma in aka ɗauki hoton wuyan mutanen da suka haura 60, akasarinsu za a ga lalacewa ko da ba su taɓa jin ciwo ba. Ta tura ni wurin masu gashin ƙashi.

Sai da na yi makonni ina jira kafin layi ya zo kaina, amma zaman rabin awa da na yi da mai gashin ya fi min duk ƙwayar da na taɓa haɗiya. Ta ɗauko ƙashin baya na roba ta ajiye a kan tebur. Ƙashi bakwai ne a wuya, ta ce, a jere kamar an ɗora kwanuka, kuma a tsakaninsu akwai wani faifai na guringuntsi mai ruwa-ruwa a ciki, shi ke shanye nauyi. Yayin da shekaru ke ja, ruwan na ragewa, faifan ya bushe ya lotse, wani lokaci ya bullutso gefe, ƙashin kuma ya tsiro da 'yan ƙayoyi. Jijiyoyin da ke zuwa hannu ta wasu ƙananan ƙofofi suke fita tsakanin ƙasusuwan nan, to in ƙofa ta tsuke sai jijiya ta matsu. An fi samun haka tsakanin ƙashi na 5 da na 6, da kuma na 6 da na 7. Ta tambaye ni wane yatsa ne ke sagewa. Na ce babban yatsa da manuniya. Ta sa yatsanta a daidai ƙofar jijiya ta 6 ta ce ga inda abin yake. Da na tsakiya ne da ta ce ta 7, da ƙaramin yatsa ne da wadda ke ƙasa da ita. Ashe hannun da nake ta shafa wa man zafi lafiyarsa ƙalau, saƙo kawai yake karɓa daga wuya. Har ɗora hannu a kai da nake yi da dare ta ce sananniyar alama ce, domin yana sassauta jijiyar.

Abin da ta ɗora ni a kai ba shi da tsada ko kaɗan. In riƙa janyo haɓa baya a hankali, kaina a miƙe, in riƙe na 'yan daƙiƙoƙi in saki, sau da yawa a rana. In ɗaga kujerar mota yadda ba zan riƙa miƙa wuya gaba ba. In fito in taka ƙasa tsakanin fasinja da fasinja. Filo ɗaya da dare maimakon biyun da na saba. Ruwan ɗumi a gora in kara a wuya. Waya kuma in ɗago ta zuwa fuska, domin kan mutum ya kai kilo 5, kuma duk sunkuyon da ka yi nauyin da wuya ke ɗauka ƙaruwa yake. Abin wuyan soso da na sayo ta ce in ajiye shi, yawan sa shi yana raunana tsoka. Ibuprofen aka ba ni na ɗan lokaci, bayan cin abinci, tare da gargaɗi a kan ciki da ƙoda. Wata uku aka ɗauka kafin in yi barcin kirki. Har yau in na zarce a mota yakan taɓa ni, amma na san abin yi.

Yanzu a dubi Yaya. Tun tana 'yar shekara takwas take ɗaukar tulu a kan gammo, daga baya jarka. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce, nauyin kai ninki huɗu. Bayan aure ta kama ɗinki, shekara talatin a sunkuye a kan keke. Da ciwon ya taso ba wanda ya zaunar da ita ya nuna mata ƙashin roba. Kemis ta aika yaro, aka ƙullo mata haɗi a farar leda, ƙwayoyi kala huɗu babu kwali babu suna. Ta sha ta ji garau, washegari ta sake aikawa. Haka aka yi ta yi. Da na matsa ta turo min hoton abin da take sha, na gane diclofenac a ciki, maganin ciwo mai taɓa ciki, safe da yamma, shekara da shekaru, ga ta kuma tana kukan gyambon ciki ba ta haɗa su wuri ɗaya ba. Fuskarta ta yi tulu-tulu, maƙwabta na cewa ta samu hutu, ni kuwa gabana ya faɗi, don na san irin su dexamethasone da ake tsoma wa cikin haɗi suna kumbura fuska, su tayar da suga da hawan jini, su cinye ƙashi. Tramadol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa matasanmu, kuma da yawa da sunan ciwon jiki suka fara.

Wannan ne ya fi ci min rai, don ba rashin masana ke damunmu ba. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan cikin Kano tun 1959, akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Jami'ar Bayero tana yaye masu wannan aiki. Amma mun ɗauka gashi na wanda ya karye ne ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Kuɗin da Yaya ta zuba a kemis cikin shekara biyar ya isa ta ga mai gashi sau da yawa.

Ban raina na gida ba. Tausa da ruwan zafi suna sassauta tsokar da ta ɗaure, a nan ma su ake cewa a yi. Ƙaho ma in mutum ya ji daɗinsa, a tabbatar dai askar wanzami sabuwa ce, a kuma san cewa faifan yana can ciki inda ƙaho ba ya kaiwa. Wanda ban yarda da shi ba sam shi ne a kama kan mutum a murɗe da ƙarfi wai a mayar da ƙashi. Laka ce ke bi ta tsakiyar wuyan nan.

Kuma akwai abin da Yaya ta fi ni, ba zan ɓoye ba. Ranar da ciwon ya kwantar da ita, 'yarta ce ke murza mata kafaɗa, maƙwabciya ta aiko da kunu, masu sannu na shiga na fita. Ni a darare na zaman bakin gado babu mai ce min sannu, kuma direban tasi in bai fita ba babu ko sisi, haya kuwa ba ta jira. Mai gashin da kanta ta ce damuwa da rashin barci suna ƙara wa ciwo ƙarfi. Na gaskata ta, don na gani a jikina.

Ta kuma faɗa min alamomin da ba a zama da su: hannu ya riƙa rasa ƙarfi yana ramewa, abu ya riƙa suɓucewa daga yatsu, tafiya ta koma tangaɗi, fitsari ko bayan gida ya ƙwace. Waɗannan na nuna lakar ce ta matsu, kuma a nan tiyata ke shigowa. Ciwon hannun hagu da ya zo da nauyin ƙirji da gumi kuwa na zuciya ne har sai likita ya ce ba shi ba.

Watan jiya muna hira Yaya ta ce, kamar ba komai ba, allura ta fara faɗuwa daga hannunta, maɓallin riga ma sai 'yarta ta sa mata. Na ce, "Yaya, don girman Allah gobe ki tafi Dala. Kada ki sake aikawa kemis." Ta ce ɗinkin biki ya taru mata. Na kira babban ɗanta na tura masa kuɗin mota da na kati, na ce ya tattara ledojin haɗin nan duka ya tafi da su a nuna wa likita. Sun je. An gwada tafiyarta da ƙarfin yatsunta, an hana ta ƙwayoyin, an rubuta mata hoton MRI, irin wanda ni aka ce ba na buƙata. Ranar Talata za a ɗauka.