Baba, Jamus Fa Ka Ce?

Jiya Laraba na bar gida bayan sallar asuba, na hau acaba daga ƙauyenmu zuwa bakin titin Ringim saboda ruwan damina ya cinye hanyar da mota take bi, sannan na shiga motar haya zuwa Dutse. Takarda guda ce ta fitar da ni, wato bayanin asusuna na wata shida mai ɗauke da hatimin banki, wanda ake nema kafin a saurari maganar biza. Na dawo gida da magariba babu takardar, sai wani ƙunci da har yanzu bai sauka daga ƙirjina ba.

Shekara goma sha huɗu ke nan ina wallafa littattafan Hausa na yara da na koyon karatu. A Kano ake buga mini, in ɗauro su a buhu in bi kasuwannin Gujungu da Maigatari da makarantun Islamiyya ina talla. A bana ne Allah ya sa aka gayyace ni babban baje kolin littattafai na birnin Frankfurt a ƙasar Jamus, wanda ake yi duk watan Oktoba, daga Laraba zuwa Lahadi, kuma ake gudanar da shi a sigarsa ta yanzu tun 1949. A can ne mawallafan duniya suke haɗuwa su yi cinikin haƙƙin fassara, kuma masu gayyata sun ɗauki nauyin jirgi da masauki da 'yar rumfar da zan baje hajata. Nawa shi ne fasfo da inshora da kuɗin biza, Yuro 90 tun daga watan Yunin 2024, wanda a kuɗinmu ya haura naira dubu ɗari, kuma sai da na sayar da raguna biyu kafin na haɗa su.

Na isa banki ƙarfe tara saura, na karɓi lamba, na tsaya a rana har ƙarfe ɗaya kafin maigadi ya ga dama ya buɗe mana ƙofa. Wanda na tarar a kantar bankin yaro ne da na haifi kamarsa, Bahaushe ɗan'uwana, ya ɗaure wuya da laktaye har yana neman shaƙe kansa. Na yi masa sallama, ya amsa da hanci, idonsa yana kan wayarsa. Na ce, "Samari, bayanin asusuna nake so na wata shida, a buga masa hatimi, zan kai ofishin jakadanci." Sai a lokacin ya ɗago, ya dube ni tun daga hula har zuwa takalmina da taɓon hanya ya ɓata, ya ce, "Baba, ofishin jakadancin ina? Umara za ka?" Na ce masa Jamus zan je. Ya ajiye wayar a hankali, kamar wanda aka kawo wa labarin da ya fi na cikinta daɗi, ya ce, "Baba, Jamus fa ka ce?"

Na fito da wasiƙar gayyata na miƙa masa da hannu biyu. Ya riƙe ta da yatsa biyu, bai karanta ko layi ɗaya ba, ya juya wajen abokiyar aikinsa ya ce, "Hajiya, ga Baba zai kai wa Turawa littattafan soyayya." Suka yi dariya, wasu daga cikin masu layi suka taya su, don dariyar mai riƙe da kuɗinka ko ba ta da daɗi sai ka taya. Ya danna kwamfuta, ya ga abin da ke asusuna, sannan ya ɗaga murya yadda na bayan layi zai ji ya ce, "Da wannan kuɗin ko Zinder ba za su bar ka ka shiga ba." Asirin da addini da dokar aikinsa suka ɗora masa amanar rufewa, shi ya shelanta a gaban jama'a. Na haɗiye, na ce, "Ɗana, ban tambaye ka fatawa ba, takarda na zo karɓa." Sai ya turo mini wasiƙata ta ƙarƙashin gilashi, ya ce babu netwok, kuma mai hatimi ya tafi ɗaurin aure, in dawo Litinin. Ikon Allah, netwok ɗin da ya isa ya nuna masa talaucina bai isa ya buga shafi uku ba.

Ina taya wannan bawan Allah murna, domin ya gano abin da masu shirya taron da suka karanta littattafaina suka kasa ganowa, wato cewa mutumin da ya zo da taɓo a ƙafa ba ya wallafa littafi. Da babbar riga mai aiki na shigo da ita, direba yana biye da ni da jaka, da an kai ni ofishin manaja an kawo mini ruwan sanyi, da kuma mai hatimi ya baro ɗaurin auren a guje ko da shi ne waliyyin amarya.

Amma yaron nan ba daga sama ya faɗo ba, gwamnatocinmu ne suka rene shi a kan cewa littafi abin wasa ne. Turawan mulkin mallaka, duk da abin da suka yi mana, sun shirya gasar rubutun ƙagaggun labaran Hausa a 1933, an kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, aka kuma kafa hukumar wallafa littattafai ta Arewa, wato NORLA, domin wadata masu yaƙi da jahilci da abin karantawa. Mu da muka karɓi 'yanci me muka ɗora a kai? Masana'antun takarda uku da aka gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin an bar su sun durƙushe, har ya zama takardar da muke bugu a kanta daga waje ake shigo da ita. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, kuɗin rim na takarda da tawada da farantin injin bugu suka bi ta, ni da nake buga kwafi dubu uku na koma ina lissafin ɗari biyar. Ɗakunan karatu na ƙananan hukumomi sun zama gidajen jemagu da gara, amma kuɗin buga allunan hoton 'yan siyasa ba ya taɓa yankewa.

Mu ma jama'a ba mu tsira ba. Mutumin da zai kashe dubu hamsin a ankon biki, shi ne zai zo har gida ya ce in ba shi kwafi kyauta saboda zumunci, washegari kuma ka tarar an ɗauki hoton shafukan ana rabawa a WhatsApp, har a turo maka naka littafin a ce ka karanta ka ƙaru.

Na san abin da zai biyo baya idan Allah ya sa na je na dawo. Waɗanda na yi wata biyu ina zarya ofisoshinsu neman wasiƙar shaida ba su ba ni ba, su ne za su aiko a kira ni a ɗauki hoto, a ce ɗan jiharmu ya fitar da mu kunya. Ranar Alhamis mai zuwa ce aka ba ni in kai takarduna Abuja, don haka Litinin zan sake hawa acaba in ratsa taɓon nan, in ga ko an gama ɗaura auren.