Ba kilomita kaɗai ake dubawa ba, Malam

Malam, shawarar da ka bayar cewa duk motar da ta haura kilomita 300,000 a rabu da ita a sayi wata, ai ta masu hali ce. Da me za a saya? Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 kuɗin kwastan ya bi dala, tokumbo ta fi ƙarfin ma'aikaci. Wadda za ka ɗauko ɗin ma, wa ya ce maka lambar da ke mitarta gaskiya ce? Wasu dillalan mayar da ita baya suke yi.

Ni Corolla ta 2005 nake hawa. Injinta sarƙar taimin gare shi, ba bel ba, ita kuwa sarƙa ta fi bel ƙarko. In dai ana juyen baƙin mai a kan kari, ba ta da rigima. Kayan gyaranta ga su nan birjik a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, kowane bakanike kuma ya san ta. Ko injin ya buga, a sauke shi a ɗora na Beljiyam, bai kai kuɗin wata motar ba ko kusa.

Inda na yarda da kai shi ne in tsatsa ta cinye ƙasan motar, ko giya ta fara fizga, ga shan mai bayan cire tallafi. Wannan kam a sayar tun ana tayawa.