Ƙuri'ar Kwankwaso ce ta kayar da Atiku a 2023?

Har yanzu a majalisun shayi za ka ji wani yana cewa duk wanda ya zaɓi Kwankwaso a 2023 ya ci amanar 'yan adawa, wai shi ya raba ƙuri'a ya miƙa wa Tinubu mulki. Maganar tana da daɗin faɗi, sai dai lissafi bai goyi bayanta ba.

Ga sakamakon da INEC ta bayyana: Tinubu na APC ya samu ƙuri'u 8,794,726, Atiku na PDP 6,984,520, Kwankwaso na NNPP kuma 1,496,687. Ka kwashe na Kwankwaso kaf ka zuba wa Atiku, jimilla 8,481,207 ke nan. Da sauran tazarar sama da dubu 300. Kuma wa ya ce duk mai jar hula da ya dangwala wa kwandon kayan marmari zai koma lema? Wasu gida za su zauna, wasu tsintsiya za su bi.

Batun cin amana kuwa, ai amana sai inda aka yi alƙawari. Wanda ke riƙe da katin jam'iyya, ya ci muƙami a inuwarta, sannan ya yi mata zagon ƙasa, shi ake tuhuma; shi ya sa aka daɗe ana cacar baki kan gwamnonin PDP biyar da Wike, gwamnan Ribas na lokacin, ya jagoranta suka juya wa Atiku baya. Talakan da ya sha rana a layi da katin zaɓensa bai rantse wa kowace jam'iyya ba.

Kuma ƙaramar jam'iyyar nan ta Kwankwaso, NNPP, ce ta ci kujerar gwamnan Kano mako uku bayan zaɓen shugaban ƙasa.