Salon mai ɗaukar hoto ba a launi yake ba

Duk mai bin shafukan masu ɗaukar hoton biki a Instagram zai lura cewa aikin mutum goma kan zama tamkar na mutum ɗaya: an dusashe bayan amarya, an goge fatarta har ramukan gashi sun ɓace, an ƙara mata haske, sannan an liƙa sunan situdiyo a kusurwa. Idan aka cire sunan, shi kansa mai aikin sai ya yi da gaske kafin ya gane nasa. Matasa da dama sun ɗauka salo wani tsarin launi ne da ake saya ko a kwafa a zuba a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, ni kuwa ina ganin launi shi ne abu na ƙarshe da ke bambanta mai hoto da ɗan'uwansa, domin duk abin da za a iya kwafa cikin minti ɗaya kowa ma zai kwafe shi.

Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Mali, ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, kuma har yau ana gane hotonsa tun daga nesa, alhali baƙi da fari ne. Yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken rana, yana rataya zane mai ado a bayan mutum, sai adon zanen ya haɗu da adon tufafin da aka sa. Saboda tsadar fim, sau ɗaya yakan ɗauki mutum, wannan kuwa ya tilasta masa ya tsaya ya gyara zaman mutumin, da inda zai aza hannunsa, da yadda zai karkata kansa, kafin ya taɓa kyamara. Rashin wadata ne ya taƙaita masa zaɓi, ya yi ta maimaita zaɓin nan shekara da shekaru har ya zama nasa. Mai kyamarar zamani da ke ɗaukar hoto dubu a wuni ɗaya ba shi da abin da zai tilasta masa irin wannan natsuwa, sai dai ya ɗora wa kansa.

A Najeriya ma akwai J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda tun daga 1968 ya dukufa kan kitson mata, ya tara hotuna kusan dubu, akasarinsu daga ƙeya ko daga gefe, bayansu fayau babu wani ado. Ya ajiye fuska, wadda ita kowa ke nema a hoto, ya bi gashi. Abin da ya ƙi ɗauka ya taimaka wajen fito da salonsa kamar yadda abin da ya ɗauka ya taimaka.

Mai hoto a Kano ko Zariya ko Damagaram ba abin ɗauka ya rasa ba. A Hawan Daushe masu kyamara kan yi cincirindo wuri ɗaya suna jiran doki ya taso da ƙura, kowa ya koma gida da hoto iri ɗaya, kaɗan ne ke zuwa da wuri su ga yadda ake shirya 'yan lifidi ko yadda ake naɗa rawani. Haskenmu ma yana da halinsa. Ranar tsaka tana zurma idanu cikin inuwa, farar babbar riga a jikin baƙin mutum tana ruɗa ma'aunin hasken kyamara, hazon hunturu kuma yana tausasa komai. Wanda ya koyi fito da baƙar fata da ainihin kyanta a cikin waɗannan yanayi ya riga ya sami abin da tsarin launin da aka yi don wata ƙasa ba zai ba shi ba.

Akwai maganar abinci, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Amarya za ta ce a ƙara mata haske, uwar biki za ta ce a yi irin wanda ta gani a shafin wani, mai hoto kuwa yana da haya da kuɗin man janareta a wuyansa. Ban ga laifin ya biya wa mai biki buƙatarsa ba. Inda nake ganin ana kuskure shi ne wajen abin da ake bajewa a shafi, domin irin aikin da mutum ya nuna shi ake kiransa ya sake yi. Idan ya miƙa wa masu biki hotuna ɗari uku, ba dole ba ne ya wallafa fiye da biyar ɗin da suka yi daidai da idonsa, ko da akwai wasu da za su fi jawo yabo. A hankali masu son irin wannan aiki za su fara nemansa da kansu, kuma su ba sa zuwa da hoton wani a waya su ce a yi musu irinsa.